Daga Tsere zuwa Kasuwa: Matuƙan Kogin Wouri da Rayuwar Paul Elvstrøm

1.0 Gabatarwa

An shirya wannan takarda ne domin ɗaliban da ke nazarin rubutun zube na bayani. Manufarta biyu ce. Ta farko ita ce a ba ɗalibi abin karantawa a kan wani fanni da ba kasafai ake rubutu a kansa da Hausa ba, wato tseren jiragen ruwa da kasuwancin da ke tattare da shi. Ta biyu kuwa ita ce a ga yadda harshen yake ɗaukar irin wannan batu da kalmomin da yake da su.

An fi sanin Bahaushe da zaman tudu, amma fatauci ya daɗe da kai shi bakin teku. Akwai Hausawa a Legas da Kwatano da Ankara, akwai su kuma a Duwala ta ƙasar Kamaru tun zamanin mulkin Jamusawa. Yaron da aka haifa a unguwar New Bell ta Duwala ya tashi ne yana ganin Kogin Wouri da manyan jiragen da ke shigowa cikinsa, saboda haka maganar ruwa ba baƙuwa ba ce a wurinsa.

Tambayar da takardar za ta bi ita ce: ta yaya gwaninta a kan ruwa take zama jari, kuma me ke sa jarin ya ɗore ko ya rushe? Za a duba misalai biyu. Na farko shi ne mutanen Duwala, waɗanda kwale-kwale ya ba su kasuwa ya kuma ba su tsere. Na biyu mutum ɗaya ne daga ƙasar Danmak, Paul Elvstrøm, wanda ya fara da tsere sannan ya gina kasuwa a kansa.

2.0 Kalmomin Aiki

Kafin a shiga bayani, ya kamata a daidaita wasu kalmomi. Hausa ba ta rasa kalmomin ruwa ba, domin akwai Sarkawa da sauran masunta a Kabi da Yawuri da bakin Kwara. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, akan yi wasannin kabanci, kuma tseren kwale-kwale yana cikinsu. Daga wannan muhalli muka sami kalmomi irin su kwale-kwale, komi, fito, gora, matuƙi, gaɓa, kifewa da kwalfe ruwa.

Inda ake samun matsala shi ne kalmar filafili. Ana amfani da ita ga katakon da matuƙi ke tura ruwa da shi, ana kuma amfani da ita ga faffaɗan zanen da ake ɗaurawa a kan dogon sanda domin iska ta tura jirgi. Saboda gudun ruɗani, a wannan takarda za a kira na farko filafilin hannu, na biyu kuma filafilin iska. Abin da ake juya jirgi da shi daga baya za a kira shi akalar jirgi, aro daga akalar raƙumi. Ɗalibi ya lura cewa ba a ƙirƙiri sabuwar kalma ko ɗaya ba. Faɗaɗa ma'ana aka yi, ko kuma aka haɗa kalmomi biyu.

3.0 Duwala: Kwale-kwale, Kasuwa da Tsere

3.1 Dillalan bakin kogi

Birnin Duwala yana kan Kogin Wouri, kusa da inda kogin ya buɗe ya shiga teku. Wajen shekarar 1472 Turawan Fotugal suka iso wurin, suka tarar da jatan lande mai yawa, sai suka sa wa kogin suna da wannan halitta a harshensu. Daga sunan ne aka sami Kamaru.

Mutanen Duwala sun kasu gida-gida. Manyan su ne gidan Bell a Bonanjo, da gidan Akwa, da Deido, sai Bonaberi a ƙetaren kogi. A ƙarni na 19 arzikinsu ya dogara ne a kan matsayinsu na tsakiya. Turawa 'yan kasuwa sukan zauna a cikin tsofaffin jirage da aka ɗaure a kan kogin, su ba mutanen Duwala kaya bashi: yadi, gishiri, taba, bindigogi da albarushi. Su kuma sai su loda kayan a kwale-kwale, su bi Wouri da Mungo da sauran rassan ruwa zuwa cikin ƙasa, su dawo da hauren giwa da manja da ƙwarar manja. Kafin wannan lokaci, bayi ma suna cikin abin da ake fitarwa ta wannan hanya. Baturen bai san mai manja ba, mai manja bai san Baturen ba. A Hausance, wannan shi ne dillanci, sai dai dillalin nan shi ne kuma mai abin sufuri.

Saboda haka yawan kwale-kwale da yawan matuƙa su ne ma'aunin ƙarfin kowane gida, a kasuwa da kuma a fagen yaƙi. Tsere shi ne wurin da ake nuna wannan ƙarfi a idon jama'a. Kwale-kwalen tsere yakan wuce mita 20 a tsawo, wani yakan ɗauki matuƙa 50 ko fiye. A cikinsa akwai mai ba da waƙa da kiɗa domin filafilan hannu su riƙa faɗawa ruwa a lokaci ɗaya, kamar yadda gangar noma take haɗa hannun 'yan gayya. A goshin jirgin kuma akan kafa wani sassaƙaƙƙen katako mai launi-launi da ake kira tange, wanda yake tambarin gidan da ke da jirgin.

3.2 Yadda hanya ta kuɓuce

Ranar 12 ga Yuli, 1884, Sarki Ndumbe Lobe Bell da Sarkin Akwa suka sa hannu a kan yarjejeniya da wakilan kamfanonin Jamus guda biyu, Woermann da kuma Jantzen & Thormählen. Bayan kwana biyu Gustav Nachtigal, wanda ya taɓa zama a Kukawa ta Borno, ya ɗaga tutar Jamus. A wata takarda dabam, shugabannin Duwala sun bayyana buƙatarsu cewa kada Turawa su wuce su shiga cikin ƙasa su yi ciniki kai tsaye. Wannan ya nuna sun san sarai inda arzikinsu yake.

Ba kowa ne ya yarda da yarjejeniyar ba. A watan Disamba na wannan shekara jiragen yaƙin Jamus suka kai hari Bonaberi, aka ƙone gidan shugabanta Kum'a Mbape, wanda Turawa ke kira Lock Priso. Wani Bajamushe mai suna Max Buchner ya ɗauke tange na gidan, aka kai shi gidan tarihi a birnin Munich, kuma zuriyar mai shi sun daɗe suna neman a mayar da shi.

Jamusawa ba su mutunta buƙatar dillalan ba. Sannu a hankali suka buɗe hanyoyin cikin ƙasa da ƙarfin bindiga, sannan suka shimfiɗa layin dogo. A 1911 jirgin ƙasa ya haɗa Bonaberi da Nkongsamba. Kayan da a da sai kwale-kwale ne ke kawo su, yanzu tarago ke kawowa.

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Manga Ndumbe Bell, wanda ya yi sarauta daga 1897 zuwa 1908, yana cikin waɗanda suka juya ga noma. Shi da wasu manyan Duwala suka buɗe gonakin koko, wato wanda ake yin cakulan da shi, a gefen Kogin Mungo, inda kwale-kwale zai iya ɗauko amfanin. Shi ne ya gina gidan sarauta mai hawa-hawa a Bonanjo a 1905, wanda ake kira La Pagode.

Sai dai abin bai tsaya a kan kasuwa ba. Daga 1910 gwamnatin Jamus ta tsara ƙwace filayen bakin kogi domin ta mayar da su unguwar Turawa, a kori 'yan ƙasa zuwa sababbin unguwanni a can baya, a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya a tsakani. Ɗansa kuma magajinsa, Rudolf Duala Manga Bell, wanda ya yi karatu a Jamus, ya yi ta kai ƙara yana kafa hujja da yarjejeniyar 1884. Aka tuhume shi da cin amanar ƙasa, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914, tare da mataimakinsa Ngoso Din. A ƙarshen Satumba na wannan shekara sojojin Ingila da Faransa suka karɓe birnin.

Ɗaya daga cikin sababbin unguwannin ita ce New Bell. Yawancin mutanen gidan Bell ba su yarda sun zauna cikinta ba, sai ta zama masaukin baƙi: Hausawa, Bamileke, Basa da sauransu. Wato unguwar da Hausawan Duwala suka yi kaka-gida a cikinta ta samo asali ne daga rikicin wane ne zai mallaki bakin ruwa. Bonanjo kuwa ta zama unguwar ofisoshin gwamnati da kotuna da bankuna.

Abin da ya rage a hannun mutanen Duwala daga wancan zamani shi ne tseren. Ana yin sa a bikin Ngondo, wanda ake rufewa a farkon Disamba a bakin Wouri. Gwamnati ta hana bikin a 1981, ya dawo a 1991, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya.

4.0 Paul Elvstrøm: Tseren da ya Haifi Kasuwa

4.1 Yadda jirgin iska yake tafiya

Yanzu za mu bar Wouri mu nufi arewacin Turai, inda tseren da aka fi sani na jirage masu filafilin iska ne. Domin a fahimci abin da Elvstrøm ya yi, dole a san abu uku game da irin wannan jirgi.

Na farko, jirgin ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, amma yana iya tafiya a karkace da ita, kimanin rabin kusurwar ɗaki. Idan wurin da ake nufi yana inda iska ke fitowa, sai matuƙi ya yi dama, ya juyo ya yi hagu, kamar mai keke da kaya yana hawan tudu. Na biyu, filafilin ba shimfiɗaɗɗen zane ba ne kawai. Ana ɗinka shi da ɗan ciki, yadda iska za ta bi ta bayansa ta ja shi gaba, kamar fiffiken jirgin sama. Idan cikin ya yi yawa ko ya yi kaɗan, gudu ya ragu. Na uku, iska tana ƙoƙarin kwantar da jirgin a gefe, saboda haka matuƙin ƙaramin jirgi yakan fitar da jikinsa waje ta ɗaya gefen domin nauyinsa ya daidaita shi.

4.2 Shekarun zinariya

An haifi Paul Elvstrøm ranar 25 ga Fabrairu, 1928, a Hellerup, wata unguwa a bakin teku arewa da Copenhagen, babban birnin Danmak. Mahaifinsa kyaftin ɗin jirgin ruwa ne, ya rasu tun yaron yana ƙarami. Karatun boko ya ba shi wahala domin yana da matsalar gane haruffa, saboda haka ya koyi sana'ar gini. Amma a kan ruwa babu mai koya masa.

Yana da shekara 20 ya wakilci ƙasarsa a gasar Olamfik ta Landan ta 1948, wadda aka yi tseren jiragenta a Torquay. Bai fara da ƙafar dama ba. A ranar ƙarshe iska ta yi ƙarfi, jirage da dama suka kife, shi kuwa ya kai gaci, ya ɗauki lambar zinariya. Daga nan ya koma wani nau'in jirgi na mutum ɗaya mai suna Finn, mai tsawon mita huɗu da rabi, ya sake cin zinariya a Helsinki a 1952, da Melbourne a 1956, da kuma gasar Rum ta 1960, wadda aka yi tserenta a Naples. Shi ne mutum na farko da ya ci zinariya shi kaɗai a gasar Olamfik huɗu a jere.

Mene ne sirrinsa? A wancan lokaci yawancin masu tseren jirage suna ɗaukar abin a matsayin nishaɗin masu hali a lokacin bazara. Elvstrøm ya ɗauke shi aiki. Yakan fita atisaye har cikin hunturun Danmak. Ya kafa maɗauri a cikin jirgi inda zai saƙala ƙafafunsa, ya fitar da jikinsa waje tun daga cinya, ya daɗe a haka. Domin ya saba da wannan azaba, sai ya haɗa wani benci a gida mai siffar gefen jirgi, yana rataya a kansa yana ƙarfafa cikinsa da cinyoyinsa. Da haka jirginsa yakan tsaya a miƙe cikin iskar da ke kwantar da na wasu.

Nasarar ba ta zo a banza ba. Matsin da yake ɗora wa kansa ya taɓa lafiyar hankalinsa, har bayan 1960 ya janye daga manyan gasanni na wasu shekaru.

4.3 Daga gwani zuwa mai masana'anta

Tun kafin ya janye, ya riga ya dasa abin da zai riƙe shi. A 1954 ya fara ɗinka filafilan iska a gidansa na Hellerup. Dalilin a fili yake: ya san irin cikin da yake so filafili ya yi, kuma ya fi kowa sanin inda na kasuwa suka gaza. Lokacin ya kuma dace, domin a shekarun 1950 ne masu wannan sana'a suka fara barin yadin auduga, wanda ke miƙewa idan ya jiƙe, suka koma yadin roba mai riƙe siffarsa. Duk wanda ya sha kaye a hannunsa yakan so ya sayi irin filafilin da ya kayar da shi. Kowane tsere ya zama talla. Tambarin kamfanin jan kambi ne, kuma daga baya aka mayar da cibiyarsa garin Aabenraa a kudancin Danmak.

Bai tsaya a kan filafili ba. Matsalar da ke damun kowane matuƙin ƙaramin jirgi ita ce ruwan da ke fantsamowa ciki, domin hannun da ke kwalfe ruwa ba ya riƙe akala. Elvstrøm ya fito da wata 'yar ƙofar ƙarfe da ake sawa a ƙasan jirgi. Idan jirgin yana gudu aka buɗe ta, ruwan da ke wucewa a ƙarƙashi yakan zuƙe na ciki ya fitar da shi, wani ɗan murfi kuma ya hana na waje shigowa. Har yau matuƙa suna kiran wannan na'ura da sunansa. Ya kuma fito da rigar kariya daga nutsewa wadda ba ta takura mai tsere, ya rubuta littafin da ke bayyana dokokin tsere da zane-zane, wanda aka yi ta sake bugawa shekara da shekaru.

Kasuwanci bai raba shi da ruwa ba. Ya dawo Olamfik a 1968 da 1972. A 1984, yana da shekara 56, ya shiga gasar Los Angeles tare da 'yarsa Trine a jirgi ɗaya, suka zo na huɗu. Suka sake fitowa a Koriya ta Kudu a 1988, yana da shekara 60. Wato ya halarci gasar sau takwas cikin shekara 40. An san shi da ra'ayin cewa nasarar da ta jawo wa mutum zubewar mutunci a idon abokan karawarsa ba nasara ba ce. A 1996 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Danmak na ƙarni. Ya rasu ranar 7 ga Disamba, 2016, yana da shekara 88.

5.0 Kwatanci

Idan aka ajiye misalan biyu gefe da gefe, za a ga sun yi tarayya a abu ɗaya: a duka biyun tsere shi ne shaidar da ke jawo amana. Gidan da kwale-kwalensa ya yi fice a Wouri ya nuna yana da mutane da tsari, shi kuma Elvstrøm kowace zinariya tana gaya wa mai saye cewa ɗinkinsa ya ci jarrabawa.

Bambancin yana cikin abin da kowa yake sayarwa. Mutanen Duwala suna cin moriyar wuri ne, wato kasancewarsu tsakanin mai kaya da mai saye. Irin wannan jari yana da riba, amma ranar da aka sami wata hanya, ko aka zo da ƙarfi aka ture dillali, ya tafi. Elvstrøm kuwa ya zuba saninsa ne a cikin kaya, a ɗinkin filafili da 'yar ƙofar ƙarfe, abin da za a iya sayarwa ko ba ya nan.

Sai dai a yi hattara da yanke hukunci. Ba rashin dabara ne ya kayar da mutanen Duwala ba; komawarsu ga noman koko cikin 'yan shekaru ta isa shaida. Elvstrøm ya yi sana'arsa a ƙasarsa, ƙarƙashin dokar da ke kare dukiyarsa da sunansa. Su kuwa hukumar da ya kamata ta kare yarjejeniyar ita ce ta karya ta, kuma wanda ya tsaya a kan hujja ya rasa ransa. Don haka gwaninta da dabara ba su isa su riƙe jari ba sai da dokar da ake mutuntawa.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna hanyoyi biyu da gwanintar ruwa take zama abin dogaro. A Duwala kwale-kwale ya ɗauki kasuwa da tsere tare, mulkin mallaka ya ƙwace kasuwar da filin, tseren ya saura. A Danmak tsere ne ya zo da farko, mai shi ya mayar da abin da ya koya kayan sayarwa. Ta fuskar harshe kuma an ga cewa kalmomin masuntan Kabi da na fataken raƙuma sun wadatar wajen bayyana jirgin da ba a taɓa tuƙa irinsa a Matan Fada ba, muddin marubuci ya fayyace ma'anar da yake nufi tun daga farko.

7.0 Jinga

1. Kalmomin matuƙi da masunci da magini suna da tsarin ƙira iri ɗaya. Bayyana tsarin, ka kawo jam'i da siffar mace ta kowace.

2. Kwatanta ninkin da ke cikin kwale-kwale da wanda ke cikin gida-gida da launi-launi. Shin aikinsu ɗaya ne?

3. An yi amfani da akalar jirgi da filafilin iska a wannan takarda. Tambayi wani masunci ko ɗan fito abin da yake kiran sassan jirginsa, ka rubuta kalmomi goma tare da ma'anarsu.

4. Cikin kalmomi 300, bayyana bambancin dillali da mai sana'ar hannu, ka kafa hujja da misali ɗaya daga kasuwar garinku.